Bayan Kalanda

Cittar bana ta bushe, an auna, an ɗinke,
motar Isuwa ta kwashe buhun ƙarshe ran Laraba.
Saura ni da gidan nan na Kachia,
da wata biyar da zan yi a Fatakwal wurin Uwani
kafin ruwa ya sake sauka.

A bayan wata tsohuwar kalanda
Tabawa ta bar mini rubutunta,
boko mai karkata kamar dawa bayan iska.
Shekara uku ke nan ina bin sa layi-layi
ni kaɗai.

"Kashe mita. Zare fis, kada ka yarda da makunni."
Na zare.
"Firij: a wanke, a bar ƙofa a sake,
a sa gawayi a faranti ya shanye wari."
Na sa.
Bara na mance da bandar kifi a aljihun ƙasa,
da na dawo, kwana biyu a zaure na yi.

"Katifa a tsaye, kada ta taɓa bango.
Gara ba ta sallama."
Na shafa baƙin mai a ƙafafun gado,
na barbaɗa toka a gindin ƙyaure,
na ɗauke littattafan awo daga ƙasa
na ɗora su kan bulo huɗu.

"Bokiti uku, a cika, a ajiye tsakar ɗaki.
Zafin bazara yana tsaga katako."
Ita ta gano wannan,
shekarar da muka tarar da kujerar mahaifinta
ta buɗe baki kamar mai hamma.
Na yi mata dariya a lokacin.
Yau huɗu na cika.

Randa a kife. Tanki a tsiyaye,
kada sauro ya kafa gari.
Na zuƙe fetur ɗin janareta da tiyo,
har yanzu harshena bai yafe mini ba.
Na toshe rariyar makewayi da tsumma
saboda masu jan ciki.
Jemagun silin kuwa na ƙyale su,
sun riga ni zama, za su riga ni dawowa.

"Lemun tsami: Shekarau, bokiti ɗaya duk Asabar.
Biya shi kafin ka tafi, ba sai ka dawo ba."
Yaron ya yi gemu yanzu, Tabawa,
yana da babur, yana neman aure a Gumel.
Ya ƙi karɓar kuɗin.
Ya ce itacen Mama ne.

An sauke labule, ɗaki ya yi duhun rijiya.
Kayan abinci sun tafi gidan Yohanna:
rabin tiyar gero, manja, daddawa a gwangwani.
Matarsa ta ƙirga makullai a gabana
ta ƙulle su a bakin zane.

Layi na ƙarshe ya fi sauran ƙanƙanta,
biro ya fara ƙarewa:
"Cire batirin agogo. Yana zuba."

Na hau kujera. Na sauko da shi.
Na riƙe shi a ƙirji yana bugawa,
ƙarfe tara saura kwata.
Na san zai zuba.
Na san farin gishirin da zai ci ƙarfen,
na san abin da za ki ce.
Amma wata biyar, ba tari, ba tafasar ruwa,
ba rediyo, ba takun kowa,
sai kwano yana ƙara in rana ta take.

Na mayar da shi kan ƙusa.

A tasha, mota ta cika, kwandasta yana buga ƙofa,
sai na kasa tuna
ko na sa sakatar tagar baya.
Ba ki rubuta ta ba.
Ke ce kike sa ta.